Mura mai tsanani ta shiga gida da hunturu: yaushe ake jinya a ɗaki, yaushe ake tafiya asibiti?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan abin da ya shigo mana gida tun ranar Asabar. Babban yarona, mai shekara 9, ya tafi Islamiyya da safe lafiyarsa ƙalau, ya dawo bayan la'asar jikinsa ya yi zafi rau, yana rawar sanyi, yana kukan ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, kuma kafin magariba busasshen tari ya kama shi. Washegari na kai shi asibitin unguwa, aka soki yatsarsa aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, aka ce babu shi, mura ce mai tsanani, a ba shi farasitamol da ruwa ya kwanta ya huta. Yau Talata ƙanwarsa ita ma ta kwanta da irin wannan ciwo. Abin da ya hana ni barci shi ne ina da jaririya 'yar wata 5 a hannu, ga kuma Hajiya, mahaifiyar maigidana, da ke zaune tare da mu, ta haura shekara 70 kuma tana da ciwon suga. Ta yaya zan bambance murar da ake jinyarta a gida da wadda ta fi ƙarfin gida, kuma ta yaya zan kare waɗannan biyun a gidan da kowa yake shiga ɗakin kowa?

Baba Ɗanjuma: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba su lafiya. Wannan ai ciwon hunturu ne, kowace shekara da zarar ƙura ta sauka sai ya zaga gidaje. Ki dafa musu citta da kanumfari da lemun tsami, ki zuba zuma su riƙa sha da ɗumi safe da yamma. Da dare a yi musu sirace da ganyen darbejiya, a rufe tagogi kada iska ta buge su, a sa kaskon gawayi a ɗakin ya yi ɗumi. Da haka iyayenmu suka rene mu.

Anti Rabi, ma'aikaciyar jinya: Maman Hanifa, kin yi daidai da kika fara da gwajin jini, domin zazzaɓin cizon sauro bai ƙarewa don damina ta wuce, kuma shi ne abin da ba a so a ɓata lokaci a kansa. Yadda kika bayyana ciwon, wato yaro ya fita lafiya ya dawo a kwance cikin yini ɗaya, da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki da busasshen tari, ya fi kama da infuluwenza. Mura ta yau da kullum a hankali take shigowa, ta fara da ƙaiƙayin maƙogwaro da atishawa da majina, kuma yawanci yaro yana ci gaba da wasansa. Korona ma tana iya zuwa da waɗannan alamu duka, ba mai iya rabe su da ido sai da gwaji, amma jinyarsu a gida kusan ɗaya ce. Daga lokacin da mutum ya kamu da infuluwenza zuwa bayyanar ciwon kwana 1 ne zuwa 4, kuma yana fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji ciwo, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7, yara ƙanana ma sukan wuce haka. Shi ya sa kwanciyar ƙanwarsa ranar Talata ba abin mamaki ba ce.

Abin da nake so ki koya a daren nan shi ne ƙidaya numfashi, domin shi ne ke gaya miki ko ciwon ya sauka cikin huhu ya zama limoniya. Ki jira yaro ya natsu, ba yana kuka ko yana tsotson nono ba, ki ɗage masa riga, ki sa agogon wayarki, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya cur. Jariri da bai kai wata 2 ba, idan ya kai 60 ko fiye, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, iyakar ita ce 50, kuma nan jaririyarki take. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa 40 ne. Wannan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ne, da shi muke aiki a asibiti. Bayan ƙidayar, ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa: idan wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko hancinsa yana buɗewa yana rufewa, ko yana nishi a kowane numfashi, to kada ki jira gari ya waye. Haka nan idan yaro ya kasa sha ko tsotso, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi kin tashe shi bai tashi sosai ba, ko leɓɓansa da harshensa sun canza launi. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zazzaɓin da ya kai digiri 38 kaɗai ya isa dalilin zuwa asibiti, ko da ba wata alama.

Baba, ina neman afuwa, citta da lemun tsami da zuma na yarda da su ga manyan yaran, suna laushe maƙogwaro suna rage tari. Amma ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba zuma, ko ɗigo ɗaya, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa, har ta shanye masa jiki. Rufe tagogi da kaskon gawayi kuwa, nan ne ban bi ka ba.

Baba Ɗanjuma: To, 'yata, ke ce mai ilimin aikin. Amma ki faɗa mini, mutum yana rawar sanyi a watan Janairu, a buɗe masa taga ƙura tana shigowa, wannan jinya ce ko ƙarin ciwo? Kuma sirace tun kaka da kakanni ake yi, ban taɓa jin ya kashe kowa ba.

Hadiza daga Maraɗi: Baba, ka ba ni dama in amsa maganar kasko, domin na ga abin da idona. Shekarun baya, a gidan da muke haya, maƙwabciyarmu ta shiga da kaskon gawayi ɗaki a wani dare mai sanyi, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta kwanta da 'ya'yanta biyu. Da asuba muka ji shiru, har muka ɓalle ƙofar. Mun same su ba wanda yake iya ɗaga kai, ƙaramin ya yi amai a kan tabarma, uwar tana kallonmu amma ta kasa magana. Allah ya yi da sauran kwana a gaba, aka fitar da su tsakar gida aka garzaya da su asibiti. Likita ya ce gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, mutum ya mutu yana barci bai sani ba. Yanzu ka haɗa wannan da yaron da huhunsa yake fama da ciwo tun asali. A lulluɓe mara lafiya da bargo, a sa masa hula da safa, amma wuta ta zauna a waje.

Anti Rabi: Hadiza ta gama magana a kan kasko. Ita kuma taga, Baba, ba cewa ake a bar ta wangame dare da rana ba. Ƙwayar wannan ciwo tana fita ne da tari da atishawa da numfashi, kuma a rufaffen ɗaki tana taruwa a iska kamar yadda hayaƙin turaren wuta yake taruwa, duk wanda ya shigo ya shaƙa. Idan an buɗe taga da ƙofa da hantsi, lokacin da rana ta fito sanyi ya ragu, iskar ɗakin za ta sauya, da dare kuma a bar ɗan wuri kaɗan. Turaren wutar ma a dakata da shi har su warke, domin yana tayar da tari. Sirace kuwa, babba yana iya jin hancinsa ya ɗan buɗe, amma ba ya kashe ƙwayar cutar. Abin da yake yi wa yara na gani a wurin aiki fiye da sau ɗaya: an lulluɓe yaro da zane a kan tukunyar ruwan zafi, ya ji zafi ya zabura, tukunyar ta kife masa a cinya. An shigo da shi saboda ƙuna, murar da ake yi wa magani kuwa ta warke da kanta tun kafin gyambon ya rufe.

Malam Isiyaku mai kemis: Ni tambayata ga Anti Rabi ce, duk da cewa ni ma a cikin harkar nake. Kullum a shagona sai uwa ta zo ta ce a haɗa mata maganin mura, kuma idan ban sa antibayotik irin su Amoxil ko Septrin a ciki ba sai ta ce ban iya aiki ba, ta tsallaka shagon gaba. Wasu kuma suna dawowa su ce ai da suka sha kwana uku sai suka warke. Me zan ce musu?

Anti Rabi: Malam Isiyaku, ka ce musu kwana ukun ne suka warkar da su. Zazzaɓin infuluwenza yawanci yana sauka da kansa cikin kwana 3 zuwa 5, sai a ba kafso ladan aikin da jiki ya yi. Antibayotik yana kashe bakteriya ne, ita kuwa mura bairos ce ke kawo ta, kuma maganin bai san hanyar da zai taɓa ta ba. Abin da mutum ke samu shi ne gudawa, da asarar kuɗi, da kuma ƙwayoyin cutar da suka saba da maganin, ta yadda ranar da limoniya ta gaske ta zo sai a ba da shi ya ƙi aiki. Akwai lokacin da ake buƙatarsa, musamman idan mutum ya fara samun sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, amma wannan hukuncin wanda ya sa abin sauraro a ƙirji ne. Majina ta koma kore ko rawaya ba hujja ba ce, haka take yi a yawancin mura.

Tun da ka buɗe maganar magani, bari in ƙara abin da ya fi damuna. Farasitamol na yaro da nauyinsa ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, bayan kowace awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Babba kada ya haura giram 4 a rana. Matsalar ita ce yawancin magungunan mura na haɗi akwai farasitamol a cikinsu, sai uwa ta ba da wannan ta ba da wancan, ta ninka adadin ba ta sani ba, hanta kuma ita ke biyan bashin. Asfirin kuwa, da duk garin maganin da ke ɗauke da shi irin su Alabukun, ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba idan yana da mura, saboda yana iya jawo wani ciwo mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Malam Isiyaku mai kemis: Na gode, wannan zan riƙe shi. A kan maganin tari na ruwa ma zan ƙara da abin da na sani. Tun shekarar 2018 gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, don haka duk wanda ya miƙo maka shi ta bayan kanta, ka san abin da kake saya. A 2022 kuma yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan an ba su gurɓataccen maganin tari da mura na ruwa da ya lalata musu ƙoda. Ni dai yanzu yaro ƙarami ba na ba shi maganin tari, sai ruwan gishirin ɗigawa a hanci, kuma duk kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC ba ta kwana a shagona.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Na ƙirga na jaririyar yanzu tana barci, na sami 42, na sake na sami 44, hankalina ya ɗan kwanta. Saura babbar matsalar. Tun da labari ya fita 'yan uwa suke ta zuwa dubiya, jiya kaɗai mata shida suka shiga ɗakin yaran, suka fito suka wuce ɗakin Hajiya suka gaishe ta, wata ma ta ɗauki jaririyar ta sumbace ta. Ni suruka ce a gidan, ba ni da bakin da zan ce wa dangin miji kada su shiga.

Malam Nuhu: Malama, wannan magana a bakin maigidanki ya kamata ta fito, kuma yana da abin da zai dogara da shi. Gaida mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan uwansa, ba mai musun wannan. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a shigar da marasa lafiya cikin masu lafiya, kuma ya yi umarni cewa idan annoba ta ɓulla a wani gari, na waje kada su shiga, na ciki kada su fita. An kuma ruwaito cewa idan zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannunsa ko tufafinsa. Saboda haka dubiya tana iya tsayawa a zaure ko a tsakar gida, a yi addu'a, a ajiye abin da aka kawo, a koma, wanda yake nesa kuma ya kira ta waya. Ni ma a makarantarmu, duk yaron da ya zo da zazzaɓi nakan mayar da shi gida, domin yara arba'in a kan tabarma ɗaya, idan ɗaya ya zo da ita ranar Asabar, kafin Laraba rabin ajin ya watse. Tsofaffinmu sun ba da labarin murar 1918, wadda ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Legas ta bi layin dogo ta iso Arewa, kuma mun ga yadda dattawan Kano suka yi ta rasuwa a watan Afrilun 2020, lokacin korona. Wannan ba ta kai waɗancan ba, amma hanyar da take bi ɗaya ce.

Maman 'Yan Biyu: Duk na ji, amma ku tuna da mu masu ɗaki ɗaya. Ni da maigida da yara huɗu a ciki da falo muke, bayan gida kuma na haɗaka ne da sauran masu haya. Idan aka ce a ware mara lafiya, a ina zan ware shi?

Anti Rabi: Gaskiyarki, kuma yawancinmu haka muke zaune. Ba za ki iya hana ta yaɗuwa gaba ɗaya ba, amma kina iya zaɓar wanda za ki fi karewa. Mara lafiya ya kwana a gefen taga, jariri ko tsoho ko mai ciki ko mai sikila ko mai asma ya kwana a wuri mafi nisa, ko a falo. Da rana a shimfiɗa wa mara lafiya tabarma a inuwar tsakar gida, domin iskar waje ta fi ta ɗaki aminci. A ware masa kofinsa da cokalinsa, kada ya tsoma moɗa a randa ya sha ya mayar, kuma a ɗebar masa abincinsa daban maimakon ya sa hannu a kwanon kowa. Mutum ɗaya ya riƙa jinyar, ya sa takunkumi idan zai matsa kusa, ya wanke hannu da sabulu bayan ya share majina, ba ya goge da gefen zane ya koma kan tukunya ba.

Ke kuma Maman Hanifa, ko da ke kanki kin kamu, kada ki yanke wa jaririyar nono. Ki wanke hannu, ki rufe hanci da baki, ki ba ta, domin kariyar da jikinki yake haɗawa tana bin nonon ta isa gare ta. 'Yar wata 5 ba ta buƙatar ruwa ko jiƙo, nonon ya ishe ta, sai dai ki yawaita. Idan hancinta ya toshe ta kasa tsotso, ki ɗiga mata ruwan gishirin hanci kafin ki ba ta, kuma kada a shafa mata man zafi irin su Robb a hanci. Ki lura da fitsarinta: idan ya ragu sosai, ko maɗigarta ta faɗa ciki, ruwan jikinta ne yake ƙarewa.

Yaya Sadiya: Ina so in ja hankali kan wasu ciwuka da ke farawa kamar mura a irin wannan lokaci, domin na taɓa ruɗuwa. 'Yata ta yi kwana uku da zazzaɓi da tari da majina, idanunta suka yi ja, ina ta ba ta farasitamol, sai a rana ta huɗu ƙuraje suka feso daga bayan kunne suka sauko fuska da jiki. Ashe ƙyanda ce, kuma laifina ne, domin ban kai ta allurar wata 9 ba. Nas ta gaya mini ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mara lafiya ya fita. Sannan akwai mashaƙo, wanda ya addabi Kano tun ƙarshen 2022: idan kun ga wuyan yaro ya kumbura, ya kasa haɗiya, kuka leƙa maƙogwaronsa kuka ga wani abu fari-fari mai toka-toka ya lulluɓe shi, wannan ba na jinyar gida ba ne ko na awa ɗaya. Haka zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ga shi muna shiga watannin sanƙarau.

Maman Hanifa: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Maigida ya yi magana da 'yan uwansa, dubiya ta koma zaure, amma mun makara. Daren Alhamis Hajiya ta ƙi cin tuwo, jikinta bai yi zafi can ba, tarin ma kaɗan ne, sai dai ta fara kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni, kuma na ga tana haki daga gado zuwa bakin ƙofa. Maƙwabcinmu ya ara mana ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin da ke cikin jini, ta nuna 89. Maigida ya so a bari sai da safe, na ce a'a, a nemo mai adaidaita. An kwantar da ita, an sa mata iskar oksijin, likita ya ce limoniya ce ta fara kuma sugarta ta hau sosai. Yau Lahadi ta gane kowa, har ta sha kunu. Yaran biyu zazzaɓinsu ya sauka, jaririyar kuma har yanzu lafiyarta ƙalau, ina ƙirga mata safe da dare. Tambayata ta ƙarshe: babban har yanzu yana tari, yaushe zai koma makaranta?

Anti Rabi: Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Abin da kika gani shi ne yadda take zuwa wa tsofaffi, sau da yawa ba zazzaɓi mai zafi, sai ruɗewa da rashin ƙarfi da haki. Da na san za ta kama ta da wuri haka, da na gaya miki tun ranar Talata cewa mai shekarunta da ciwon suga ba a jira a ga alamar haɗari, daga ranar farko ake kai shi, domin akwai maganin infuluwenza mai suna oseltamivir da ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 48. Ita na'urar yatsa, duk abin da ya yi ƙasa da 90 na gaggawa ne, ko 93 ma ya kamata a nemi likita, amma ku sani hannu mai sanyi da jan farce da lalle mai duhu suna rikita ta, kuma a fata irin tamu takan nuna sama da gaskiya, don haka idan mutum yana haki a kai shi ko me ta nuna.

Shi yaron, idan ya yi yini da dare cur ba zazzaɓi ba tare da ya sha farasitamol ba, kuma ƙarfinsa ya dawo yana cin abinci, yana iya komawa, ya sa takunkumi na 'yan kwanaki. Tarin yakan daɗe bayan ciwon ya tafi, musamman da wannan ƙura. Amma ki riƙe ranar da ya fara: idan ya wuce mako 2 bai ragu ba, ko ya haɗu da rama da zufan dare, ki kai shi a yi gwajin tarin fuka, kyauta ake yinsa a asibitocin gwamnati. Idan an sallamo Hajiya kuma, a bar ta a ɗakinta ita kaɗai, jikokin su riƙa gaishe ta daga bakin ƙofa har ƙanwar tasa ta cika mako ɗaya da kwanciya.

Baba Ɗanjuma: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Kaskon nan na sa an fitar da shi daga ɗakin jikokina tun ranar da Hadiza ta yi magana. Cittar dai ina nan ina sha.